Neman shawara: ina zan kai iyali bakin ruwa kusa da Damagaram?

Baban Nana

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, ya sanyi ya iyali. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san ƙauyukan kewayen Damagaram fiye da ni. Konjen ƙarshen Disamba ya matso, yara za su zauna gida, ni ma wajen aiki an yarda a ban ƴan kwanaki, shine nake son in fidda iyali daga cikin gari mu je wani wuri mai ruwa da itatuwa mu sha iska, ko kwana ɗaya ne ko biyu. Mu shida ne, ni da maiɗakina da ƙanwarta da ke zaune wajenmu da yara uku, autan bai cika shekara huɗu ba.

Abin da ya sa na nace sai wurin ruwa, yaran nan duk a nan aka haife su, ruwan da suka sani shine na pampo in Allah ya sa ya zo, sai na bidon da ƴan garuwa ke turowa, sai kuma tafkunan cikin gari da ke cika da damana waɗanda kowa ya san abin da ake zubawa ciki. Babbar tasu an koya musu kogin Isa a lakwal ta dawo tana tambayata wai da gaske ne akwai ruwan da ke tafiya dare da rana ba ya ƙarewa, abin ya tsaya min a rai wallahi.

Na san ba mu da gulbi a nan, ni dai ko tafki ne ko fadama mai garake, in dai wuri ne da mutum zai shimfiɗa tabarma a inuwa yara su ga ɗanyen ganye su ga tsuntsaye to ya wadatar. Ina jin ana maganar Ƙorama da Gidimuni amma ban taɓa tsayawa ba sai dai in wuce a mota. To wanne ya fi dacewa da mai ƙananan yara? Ƙaramar mota gareni ba mai hawa rairayi ba, za ta kai kuwa? Akwai wurin kwana ko sai dai a je a dawo, kuma me ya kamata in riƙe? Kuɗina ba masu yawa ba ne, a duba min abin da talaka zai iya. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Ɗan Sabon Gari

Wa alaikumus salam Baban Nana. Ni dai gaskiya in kogi kake son yarinyar nan ta gani to ka daure ka sa su a bis ku tafi Yamai, babu wani abu a jihar Damagaram da zai maye maka wannan. Kuma lokacin da ka zaɓa ya yi daidai, domin a Disamba da Janairu ne ruwan da ya taso tun daga ƙasar Gini ke isowa, kogi ya cika ya batse alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi, ka tsaya kan gadar Kennedy da la'asar sakaliya ka ga faɗinsa ka ga masunta na jefa birgi, sai ka ji zuciyarka ta yi sanyi. Can na yi karatu na san abin da nake faɗi. Akwai Bubon ma, kamar kilomita 25 daga birni, kasuwarsu ranar Laraba, mata na kawo tukwane da tuluna, mutanen tsallake na zuwa da kaya cikin jirgin ruwa, in da rabo har dorina za ku hango. Sai dai kafin ka fita wajen Yamai ta wannan ɓangaren ka tambayi mazauna can halin da hanya ke ciki a satin, jihar Tillaberi ba kamar da ba ce, in ka ji suna ɗari-ɗari ka tsaya cikin birni bakin kogin nan ma ya isa.

Wahalar dai nisa ne, kusan kilomita 900, yini guda cur cikin bis da yaro ɗan shekara uku, ga kuɗin kujeru zuwa da dawowa. In kana da dangin da za su sauke ku da sauƙi. In ya yi nisa akwai tafkin Madarunfa kusa da Maraɗi, shi ma babba ne akwai kwale-kwale. Komadugu ta Diffa kam kar ma ka sa ta a lissafi da yara yanzu.

Ɗan Ƙorama

Malam Baban Nana sannu da ƙoƙari, Allah ya raya zuri'a. Ɗan uwa da ya yi maganar Yamai bai faɗi ƙarya ba, amma mutumin nan ya ce kwana ɗaya ko biyu gareshi kuma aljihun ba nauyi, in ya kwashe kwana biyun a hanya ina hutun yake? Ni a ƙauyen wajen Bande aka haife ni, har gobe garkar mahaifinmu na nan yayana ke riƙe da ita, bari in faɗa maka yadda wurin yake tsakani da Allah kar ka je da tsammanin abin da babu.

Ƙorama ba gulbi ba ce mai gudu shekara duka. Kwari ne dogo da ya ratsa kudancin jiha, ta ƙasar Kance da Matamaye, ta wajen Bande da Magarya har su Waca. Da damana ne tafkunan ke cika su haɗe ruwa ya yi ta tafiya, in kaka ta wuce sai ya tsinke ya bar tafki nan tafki can, wasu su ƙafe kafin bazara wasu kuma ba sa ƙafewa. Amma sirrin wurin a ƙarƙashin ƙasa yake, a cikin fadama ka haƙa gaba ɗaya ko biyu ka tad da ruwa, alhali ku a birni kan dutse kuke zaune shi ya sa rijiya ke wuya har ake jawo muku ruwa daga su Gogo da Macaya. Wannan ruwan na kusa shi ya sa wurin ke shar lokacin da ko'ina ya bushe ya koma kara da ƙura.

Ta kudu za ka bi, hanyar Magarya, ka wuce Dogo, Bande na gabanka kafin ka kai Magarya wadda ke kamar kilomita 90 daga Zinder. In kuma ta yamma kake so sai ka bi hanyar Maraɗi zuwa Takeita ka karya kudu ta Kance zuwa Matamaye, wajen su Dungu nan ma rake ne iya ganinka. Motarka za ta kai ka duk inda kwalta ta kai, amma daga ka sauka kwalta rairayi ne mai cin taya, kar ka gwada, ka bar ta ƙofar gidan wani sananne a gari ku hau amalanken shanu. Ina tabbatar maka yaran nan amalanken ma kaɗai zai ishe su labari har a koma lakwal.

Kuma ka yi sa'ar lokaci, yanzu ne ake saran rake. Ka yi ƙoƙari ku kwana domin safiyar wurin ita ce abin gani. Bayan asuba hazo na kwance kan ruwa, sanyi na ratsa ƙashi, kana jin injin ban ruwa ya fara tari daga nesa can kuma wani dattijo da bai bar tsohuwar hanya ba yana ɗiba da ƙwarya daga rijiya yana watsa wa fangalin albasa, balbelu fari fat sun biyo shanu, samari sun shiga cikin rake da adduna ba ka ganinsu sai dai ka ga kan raken na rawa yana faɗuwa, a sassabe ganyen a ɗaure dami-dami a ɗora wa amalanke zuwa bakin hanya inda manyan motoci ke jira. Raken da kuke saye guntu-guntu a kasuwar Dole da bakin tasha da yawansa daga nan yake fitowa, to ka sha wanda aka sara a gabanka da sanyin safiya ka ji bambanci, ruwan har gwiwar hannu yake gangarowa. Ban da rake akwai rogo, dankali, shu, salati, tumatir, tonka, ga gwaiba da lemu, mangwaro ne dai bai yi ba tukuna sai zafi ya shigo. A tudu kuma gawo ne ko'ina, ka nuna wa ƴarka ta lakwal shi, itacen da ke zubar da ganye da damana ya yi kore da rani, shi ya sa hatsi ke kyau a gindinsa kuma dabbobi ke samun ƴaƴansa lokacin da ciyawa ta ƙare. Tsofaffinmu na cewa zamanin Sarkin Damagaram Tanimun wanda ya sare gawo ba ya kwana lafiya, har yau kuma manomin ƙasar nan in gawo ya tsiro a gonarsa ba ya cire shi sai dai ya gyara masa rassa.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, kuma dan ita na zauna nake wannan dogon rubutu. Wurin nan ba wurin shaƙatawa ba ne da gwamnati ta gina, babu mai tikiti babu mai gadi, abincin mutane ne. Duk inda ka taka akwai mai shi, inuwar mangwaron da za ka shimfiɗa tabarma wani ne ya dasa ya yi shekaru yana ba ta ruwa. Muna ganin ƴan birni su zo da mota su faka kan shuka, yara su bazu cikin fangali su tattake dashen da aka yi sati ana wahala a kai, a karya rake ba tambaya, a ɗaga waya ana ɗaukar matan da ke wanki bakin ruwa a sa a Facebook da TikTok, in za a tafi a bar leda da gwangwani, akuya ta ci ledar ta kumbura ta mutu. Mutanenmu ba za su ce maka komai ba saboda kunya da girmama baƙo, amma abin na ci musu rai ƙwarai. Da ɗan gari akan ci gari Malam. Ka fara zuwa ƙofar maigari ka yi gaisuwa ka faɗi ko kai wane da abin da ya kawo ka, ka nemi mai garka ya shiga da ku da kansa, in ka yi haka wallahi abin da za a tara maka na kyauta sai ya fi ƙarfin but ɗin motarka, amma kai ma ka saya, ka saya da daraja kar ka tsaya ciniki irin na kasuwar birni da mutumin da ya ba ka inuwa.

Batun kwana, a ƙauye babu otal, baƙo gidan mutane yake sauka, kai a zaure ko ɗakin samari iyali kuma cikin gida wajen mata. In maiɗakinka ba za ta sake da haka ba sai ku ƙarasa Magarya ku nemi masauki ku dawo da sassafe. Ku riƙo barguna da rigunan sanyi na gaske, ɗarin fadama ba irin na cikin gari ba ne. Da damana kuwa ban ba ka shawarar zuwa da yara ba sam, ka tuna ruwan 2024 da har tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram ya faɗi a watan Satumba, to ka ƙiyasta yadda kwari ke zama a irin wannan shekara.

In ka yanke shawara ka min magana ta akwatin sirri in haɗa ka da yayana.

Maman Ihsan

Salamu alaikum. Yaya Ɗan Ƙorama ya gama magana Allah ya saka, ni abin da zan ƙara ta ɓangaren aikina ne domin ma'aikaciyar lafiya ce ni kuma na yi zama a CSI, wato ƙaramin asibitin ƙauye, kafin a maido ni gari.

Baban Nana dan girman Allah kar ka bar yaran nan su shiga ruwan tafki, ko da iya idon sawu ne. Za su ga ƴaƴan ƙauyen na iyo suna tsalle za su yi ta kuka a bar su, ka daure ka hana. Tsargiya a irin wannan ruwan mai kwanciya take, ƙwayar cutar na rayuwa jikin ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa, ta fito ta shiga ta fata ba sai an sha ba, yaro ba zai ji komai ba a ranar sai ɗan ƙaiƙayi, sai bayan makonni ko watanni ka ga jini a ƙarshen fitsari. A ƙauyuka da yawa an ɗauke shi kamar ba ciwo ba, wasu ma cewa suke alamar yaro ya girma ne, alhali in ya daɗe yana ɓata mafitsara yana shanye jinin yaro. Maganin na nan, praziquantel, shine ake rabawa a makarantu, amma me ya kai ka tun farko. In tsautsayi ya sa wani ya faɗa ciki a tsane masa jiki da tawul nan take a yi masa wanka da sabulu da ruwa mai kyau, kuma in kun dawo ka sa ido, ka ga wani canji ka kai shi likita ka faɗa musu inda kuka je.

Na biyu kuma wanda ya fi ban tsoro ga autanku, rijiyoyin garka. Ba su da baki ba su da murfi, ramuka ne daidai da ƙasa wani lokacin ciyawa ta rufe gefen, babba ya san inda suke yaro bai sani ba. Tunda ƙanwar madam za ta je to a ba ta aiki ɗaya tak, hannun yaron nan cikin nata daga saukarku har tashinku, kar a ce kowa na kallonsa domin in aka ce kowa to ba kowa. Kuma duka yaran a sa musu takalmi rufaffe saboda ƙaya da kututturen rake da aka sara, yana da kaifi sosai.

Sauro ma kar ku ce ai sanyi ne babu shi, a gari ya ragu amma bakin ruwa yana nan, ku tafi da gidan sauronku ko biyu ne. Ruwan sha ku ɗauko daga gida a bidon, salati da tumatir in za a ci ɗanye a wanke da ruwan da kuka zo da shi. Ki ji nan Maman Nana in kina karantawa, ki riƙe buta da sabulu da zani na ƙari da gishirin zawo da parasetamol na yara, kuma ki dafa abin da ba ya saurin lalacewa, dambu ko shinkafa da wake da mai da yaji daban, domin a ƙauye in an ce za a yi muku girki sai an kama kaza an fige an daka, kafin a sauke yara sun galabaita. Kuma ki shiga cikin gida ki zauna da matan, kar ki maƙale wajen mota, za ki ji daɗinsu sosai, fura da nonon da za su dama miki ba irin na roba ba ne.

Ba tsorata ku nake ba, ku je, nawa yaran ma ina kai su kuma suna dawowa da ƙoshin lafiya da fara'a.

Alhaji na tashar Gure

Ɗana Baban Nana, ni tsohon direba ne hanyar gabas na yi ta bi da Hiyas tun ƙuruciya, yaro ne ke rubuta min wannan ina faɗa. Ƙorama da kyau babu musu, amma kai ka ce ruwa kake son yara su gani da idonsu, shimfiɗaɗɗen ruwa, to Gidimuni za ka. A Ƙorama yanzu rake da garake sun fi ruwan yawa, a Gidimuni kuwa tafki ne sosai ga dabino ga goruba sun kewaye shi ga tudun rairayi a bayansu, kuma ba shi da nisa da kwalta, ƙaramar motarka ba za ta sha wuya ba. Kamar kilomita 70 ne kan babbar hanyar Gure da Diffa, ka je ka dawo yini ɗaya ba sai ka kwana gidan kowa ba, wannan ya fi sauƙi ga mai mata da yara a fitar farko.

Ka sa tafiyar ranar Lahadi. Ka tashi da an sallame asuba gari ya ɗan waye, ka wuce Mirya kar ka tsaya, kilomita 18 ce kawai za ka same ta a dawowa. Ka isa Gidimuni da hantsi kafin iska ta taso, ka gaida mutanen gari kamar yadda yaron can na Bande ya faɗa, maganarsa gaskiya ce a ko'ina haka ake yi, ka sami mai garka ya ba ku gindin dabino ku zauna. In ka tarar da masunta sun fito ka sayi tarwaɗa ko karfasa a soya muku, ka hura gawayi ka ɗora shayi, ku yi azahar a nan. Ko ka ga mai jirgi ya ce zai zaga da yara kar ka yarda, su kalla daga tudu. Ruwan rijiyoyin wajen wani da ɗanɗanon kanwa, cikin da bai saba ba zai iya juyawa, ka zo da naka.

Da an yi azahar ka kamo hanya, ka tsaya Mirya kasuwa na ci, uwargida ta zaɓi tulu da kasko, tukwanen Mirya ai ba sai an yi musu talla ba, randarsu in ka zuba ruwa da bazara kamar daga firji. Ka nuna wa yara kukokin garin, ka sayi garin kuka sabon daka. Ka shigo Zinder kafin magariba. Wannan ita ce dokata, ban yarda da tuƙin dare da iyali ba a hanyar nan, ga jakai ga raƙuma ga amalanke marar fitila ga manyan motoci masu ido ɗaya, in kuma hazon hunturu ya sauka ko da rana ne ka kunna fitila ka rage gudu. Ka cika tanki tun daga gari kar ka dogara da na kwalba a hanya, ka duba safaya da jak, katin ɗan ƙasa naka da na madam da na ƙanwarta da takardun mota su kasance a hannu saboda shingen jandarma. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Ƴar jami'a

Baba Alhaji ya yi gaskiya kan Gidimuni, mun je aikin fili daga jami'a. Abin da mutane da yawa ba su sani ba tafkin na cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar tun 2019, shi da na Madarunfa, tafkin Lassuri kuma da ke jiharmu tun 2005 yake ciki. Dalili kuwa tsuntsaye ne da yawansu, a watannin sanyin nan har waɗanda suka tsallako sahara daga Turai na sauka, ga namu na gida su zalɓe da kirinjijiya. Kawu in kun je da safe ku yi shiru ku zauna nesa kaɗan za ku gansu da kyau, kar a bar yara su yi jifa. Kuma ka tambayi manoman wajen batun kacalla, doguwar ciyawar nan mai tsirowa cikin ruwa, za ka ga yadda ta cinye gefen ruwan tana hana kamun kifi tana toshe wurin shuka, ga rairayi na gangarowa daga tudu yana cike tafkin a hankali. Abin na ban tausayi sosai domin mutane da yawa da wannan ruwan suke ci. Dan Allah ku riƙo buhu ɗaya na zuba shara ku dawo da ita gari.

Baban Nana

Kai jama'a na rasa bakin godiya, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun zauna da maiɗakina mun karanta tare. Yamai dai sai wata shekara in Allah ya hore, Ɗan Sabon Gari na gode ban watsar da maganarka ba. Mun tsai da cewa Lahadin farko ta konje za mu bi tsarin Baba Alhaji, Gidimuni da Mirya mu dawo a ranar, in mun ga yadda yaran suka ɗauki hanya sai mu yi Ƙorama da kwana ɗaya cikin satin. Maman Ihsan an karɓi saƙonki, ƙanwar madam ta riga ta san aikinta. Malam Ɗan Ƙorama na turo maka saƙo, sannan dan Allah me ya dace in riƙe wa maigari da mutanen gidan da za su sauke mu, kuɗi zan ba da ko kaya? Ba na son in yi abin da zai zama raini.

Ɗan Ƙorama

Na ga saƙon Malam, na kuma yi waya da yayana ya ce gida naku ne, har ya sa a share ɗakin baƙi. Kar ka miƙa wa maigida kuɗi da sunan kuɗin kwana, ba zai karɓa ba kuma zai ji ba daɗi. Maigari ka riƙe masa goro mai kyau da sukari da ganyen shayi, in ka haɗa da jaka ɗaya ko biyu a ciki ka ce na goro ne ya yi. Cikin gida kuma madam ta kai da hannunta, sabulu, magi, man girki, in da hali turmin atamfa ga uwargidan, yara kuma alkaki da biskit da burodin gari suna son shi sosai. In kana son ka taimaka da kuɗi to hanyarsa ita ce ka sayi rake da kayan garka da yawa ka biya yadda aka faɗa, mai amalanke kuma ka sallame shi da kyau domin ranar aikinsa ya bari saboda ku.

Ku zo ranar da ba Juma'a ba, mutane na tafiya masallaci da kasuwanni ba za ku sami mai zagawa da ku ba. Ku taso da wuri ku iso kafin azahar, kuma ka kira lambar da na ba ka tun kana Dogo domin rezo na yankewa in an gangara kwari, shi zai fito da amalanke ya jira ku bakin kwalta. Ka bar wuri a but saboda rake, ka zo da igiya ma ko za a ɗaura wani a sama.